Azumin awa 16 da tumbin da ya ƙi sauka

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 42, tsawona mita 1.72, nauyina ya kai kilo 96, tumbi har ya fara takura min a sujada. Na ga ana yayata azumin nan na awa 16 a Facebook, sai na fara: ba na karyawa, sai ƙarfe 2 na rana nake sa abu a baki, in rufe da ƙarfe 10 na dare a wurin mai shayi. Makon farko kilo 3 suka tafi, yanzu mako na biyar ke nan sikeli ya tsaya cak a 93. Ina kuma yin azumin Litinin da Alhamis. Ina kuskuren yake, kuma wane motsa jiki ne yake cire tumbi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Bari in fara da kilo 3 ɗin nan da suka faranta maka rai, don yawancinsu ruwa ne.

Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kamar canjin da kake bari a durowa don hidimar yini. Ajiyar nan, da ake kira gilaikojin, kamar rabin kilo ce a jikin babban mutum, amma kowane giram ɗinta yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da ka rage ci, durowa ta yi ƙasa, ruwan ya bi fitsari, hanji ma ya rage kaya. Kitse kuwa shi ne jari, yana can a sito, kuma kilo ɗayansa kalori kusan 7,700 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Mutum mai jikinka da ke wuni zaune a shago yana kashe kamar 2,400 a yini. Ka buga lissafin da kanka: ko kwana bakwai ka yi ba ka sa komai a baki ba, bai kai kilo 3 na kitse ba. Don haka tsayawar sikeli a mako na biyu ba wani abin mamaki ba ne. Tsayawarsa har mako na biyar ita ce take gaya mana wani abu, wato abin da ke shiga da abin da ke fita sun yi kunnen doki.

Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin yaushe ake taɓa jari: sai ranar da ciniki ya kasa ɗaukar hidima. A kasuwa wannan musiba ce, a nan kuwa ita muke nema. Jiki ba ya shiga sito ya ɗebo kitse sai abin da aka ba shi ya gaza abin da yake kashewa, kuma ba ya duba agogo. Amfanin azumin awanni shi ne yana rage wa mutum damar ci. Wanda ya saba ci sau huɗu ko biyar, in aka ce masa sau biyu ne, yawanci abincinsa yakan ragu ba tare da ya auna komai ba. Amma in ka rage awannin buɗe shago, tirela kuma tana zuwa da daddare ta sauke kayan da ta saba saukewa, sito ba zai taɓa yin ƙasa ba.

An gwada wannan, kuma a garin da ku 'yan Kwari kuka fi ni saninsa. A Guangzhou ta ƙasar Sin, likitoci sun ɗauki mutum 139 masu ƙiba, suka rage wa kowa abinci daidai wa daida, maza kalori 1,500 zuwa 1,800, mata 1,200 zuwa 1,500. Rabi aka ce su ci tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma kawai, rabi kuma su ci lokacin da suka ga dama. Bayan shekara guda, masu bin agogo sun sauke kimanin kilo 8, sauran kimanin 6.3, kuma bambancin bai kai wanda masu binciken za su ce agogon ne ya kawo shi ba. An buga sakamakon a 2022. Kafin nan, a 2020, an yi wani gwajin a San Francisco ta Amurka da mutum 116, shi kuma ya fi kama da naka: aka ce kusan rabinsu su ci daga 12 na rana zuwa 8 na dare, ba a ce musu komai game da yawan abinci ba. Bayan mako 12 abin da suka sauke bai cika kilo ɗaya ba. Abin da ya fi damuna a wannan gwajin shi ne, cikin waɗanda aka auna jikinsu da na'ura, fiye da rabin ɗan abin da ya tafi ba kitse ba ne, naman jiki ne. Zan dawo kan wannan, don a nan ne maganar motsa jiki take da muhimmanci.

Za ka kuma ji masu bidiyo suna cewa da an cika awa 16 jiki zai fara cinye matattun ƙwayoyinsa, har an ba wani kyautar Nobel a kan haka. Gaskiya ne Yoshinori Ohsumi ɗan Japan ya karɓi kyautar a 2016 saboda gano yadda ƙwayar halitta take sake sarrafa tarkacen cikinta. Amma a kan yis ya yi aikinsa, wanda ake kumbura burodi da shi, ba a kan tumbin ɗan Adam ba. Kada wannan ya sa ka riƙa kallon agogo kana jiran minti goma su cika kamar mai jiran kiran Magariba.

To, mu zo inda gizo ke saƙar, teburin mai shayi. Ba ka faɗa min abin da kake ci a can ba, amma na sha zama da masu irin matsalarka muna lissafi, kuma tsarin ba ya cika canjawa. Indomie ƙanana biyu, kowace ta haura kalori 300. Ƙwai uku, kalori 210, amma ka lura da hannun mai shayin lokacin da yake karkata galan a kan kasko: ba ya awo, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, cokali biyu ko uku yakan zuba. Rabin burodi, 400. Sai kofin nan mai kauri, madara ta sha rabinsa, ga garin koko, ga sukari cokali uku, shi ma ya doshi 300. In ka tara, ka haura 1,500 a zama ɗaya, ƙarfe 10 na dare, kuma daga nan sai gado. Ga na ƙarfe 2, wanda ka zo masa da yunwar safiya gaba ɗaya: shinkafa da wake cike da faranti, ludayin mai, lemo mai sanyi. Ga kuma tuwon gida da ba ka ambata ba, amma na san ba a barinsa. Abin da ka hana cikinka da safe ka biya shi da daddare har da riba.

Shawarata ta farko ba ta rage awanni ba ce, ta matsar da su ce. Jiki ya fi iya sarrafa sukari da rana fiye da dare, kuma kwanciya da cikakken ciki ita ke kawo ƙwannafi da barci mara daɗi. Masu bincike da yawa sun fi son a rufe ci tun da La'asar, amma ni ba na ba magidanci wannan shawarar, domin na san abin da za ta haifar. Namijin da ya dawo gida ya ce ba zai taɓa tuwon dare ba ya jawo wa kansa shari'a, balle in mata biyu ne kuma abin ya faɗo ranar girkin ɗaya. Tsarin da zai haɗa ka faɗa da gida ba zai yi wata biyu ba. Saboda haka ka riƙe tuwon dare, ka jawo shi kusa: a ci bayan sallar Magariba, kafin a kira Isha ka wanke hannu, shi ke nan an rufe sai gobe. Ka zauna da Hajiya ka yi mata bayani tun farko, don ita ce mai riƙe da ludayin mai, kuma in ta shiga cikin shirin rabin aikin ya ƙare. Wurin mai shayi kuma ba sai ka daina zuwa ba, na san hira ce take kai ka. Ka ce a ba ka baƙin shayi da citta ko na'a-na'a, ba madara ba sukari. Za su yi maka tsiya kwana uku su gaji.

Da safe, mako biyun farko ka karya da ƙarfe 9 da rabi. Wannan ya ba ka awa 14 ba ci, kuma yawancinsu kana barci. In ka ga jikinka ya ɗauka, ba jiri ba ciwon kai, sai ka matsar zuwa 11 da rabi, awa 16 ɗinka sun cika ke nan. In kuma ka ga jinkirin yana sa ka afka wa abinci kamar an sako ka, ka koma kan 14, ba ka yi asarar komai ba. A awannin da ba ka ci, ruwa dai ka sha sosai, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40. Baƙin shayi da gahawa mara sukari ba matsala. Ɓarin goro ma ba zai rushe lissafi ba. Amma zuma a ruwan ɗumi abinci ce, cokali ɗaya ya haura kalori 60, kuma lemon tsamin da ake matsawa a ciki ba ya narkar da kitse ko na ƙwayar zarra. In da yana yi, da masu sayar da shi sun fi masu sayar da shadda kuɗi.

Abin da muke nema shi ne ka riƙa cin kamar kalori 1,900 a yini, wato giɓin 500, wanda zai ba ka kusan rabin kilo a mako. Ba zan ce ka sayi ma'auni kana auna tuwo ba, ba ka da wannan lokacin. Hannunka ya isa. Malmala ɗaya girman dunƙulen hannunka, ko shinkafa daidai wannan, don kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kalori 200 ne, farantin masu abincin kasuwa kuwa yakan ɗauki uku. Miya a cika, ta kuka, ta kuɓewa, ta ganye, taushe, duk abokan tafiya ne in ba a yi musu ambaliyar mai ba. Mu mun saba tuwo ne sarki, miya 'yar rakiya. Ka juya abin.

Sai furotin, abin da ke riƙe maka tsoka kuma ya fi komai zama a ciki. Mai jikinka yana buƙatar giram 100 zuwa 120 a yini, kuma yawancin waɗanda nake gani ba sa kai rabin haka. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin dafaffen wake kamar 15. Nama ko kifi girman tafin hannunka kamar 25. Kofin kindirmo kamar 8. Ga awara, ga alale, ga bandar kifi, ga tsire in an zaɓi marar kitse. Misali, da hantsi ka ci dafaffen ƙwai uku da alale ko wake mai ɗan mai, da kokwamba ko yalo. Bayan La'asar, in yunwa ta taso, kindirmo ba sukari, ko kwaɗon zogale, ko tsinken tsire biyu da kabeji da albasa. Bayan Magariba tuwo kamar yadda na faɗa, da nama ko kifi na gaske, ba yanka ɗaya na ado ba. Ƙosai da awara abinci ne masu kyau da kasko yake ɓatawa, don suna shan mai kamar soso. Gyaɗa kuma ka yi hattara da ita: giram 100 ta kusa kalori 600, kuma ana cinye ta ana ciniki ba a sani ba.

Abin sha shi ne ɓarawon da ba a jin shigowarsa. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato ƙwaya 12 ko 13, kuma ba ta rage maka yunwa ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kamar giram 50 a yini, in an iya 25 ya fi. Kwalba ɗaya ta cinye kason. Zoɓo da kunun aya na sayarwa su ma haka suke, kada sunan "na gargajiya" ya ruɗe ka. A dafa zoɓon a gida da citta da kanumfari ba sukari. Fura kuwa ba abin sha ba ce, abinci ce. In ka sha ta, ta zauna a madadin cin rana, ba a kan shinkafa ba, kuma nono ya fi furar yawa.

Game da Litinin da Alhamis, ka ci gaba da abinka, Allah ya karɓa. Ibada ce, niyyarta daban, maganar haɗa ta da wata manufa kuma ta malamai ce. Abin da zan ce ta fuskar jiki shi ne a waɗannan ranakun ka ajiye lissafin awa 16 gaba ɗaya. Ka yi sahur mai ƙwai ko wake ko kindirmo da ruwa mai yawa, ka buɗe baki da dabino uku da ruwa, ka yi sallah, ka ci abincin dare irin na kullum, ba ninki biyu ba. In ka yi haka, ranakun nan biyu su kaɗai za su ba ka giɓi mai kyau. Tsarin da Michael Mosley, wani likita ɗan Ingila, ya yayata a BBC a 2012, na ci kwana biyar a rage sosai kwana biyu, bai yi nisa da wannan ba. Amma ka tuna da Ramadan. Muna yin awa 13 zuwa 14 ba ci ba sha har wata guda, kuma da aka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, abin da ake saukewa kamar kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, yawancinsa kuma yana dawowa cikin 'yan makonni bayan Sallah. Kowa ya san dalili, ya ga tiren buɗa-baki. Kuma kada ka ce za ka ƙara da tsarin yau a ci gobe a bari don abin ya yi sauri. A Chicago an gwada shi shekara guda da mutum 100, aka buga a 2017: bai fi rage abinci na kullum sauke nauyi ba, kuma waɗanda suka gudu daga cikinsa sun fi yawa, kashi 38 cikin ɗari.

Yanzu motsa jiki. Babu wani motsi da yake cire kitsen tumbi shi kaɗai. Kwanciya a tabarma kana tashi zaune sau ɗari zai ƙarfafa naman da ke ƙarƙashin teɓar, amma teɓar tana nan, domin jiki yana ɗebo kitse daga ko'ina ne, ba daga inda ake murzawa ba. Albishir ɗin shi ne kitsen cikin ciki, wanda ya lulluɓe hanji da hanta kuma shi ne mai jawo ciwon sukari da hawan jini, yana cikin masu saurin tafiya in mutum ya fara saukewa yana kuma tafiya a ƙafa.

Tafiyar ita ce tushe. Bayan sallar Asuba, kafin rana ta buɗe ido, minti 30, kwana biyar a mako. Ba tafiyar zuwa ɗaurin aure ba, wadda za ka iya magana amma ba ka iya jan dogon labari. Kowane mako ka ƙara minti biyar har ka kai 45 ko awa guda. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako, mai son sauke ƙiba kuma ya nufi na saman. Kada ka fara da gudu. Kilo 93 a kan gwiwar da ta shekara goma tana naɗe a shago ɗaukar Dala ba gammo ne, za ka yi kwana huɗu ka kwanta jinya. Ka kuma ƙara wata 'yar dabara da nake so ƙwarai: sallar Isha, ka tafi masallacin da ya fi nisa, a ƙafa. Minti goma zuwa, goma dawowa, daidai lokacin da tuwo ke shiga jini, yana taimakawa wajen hana sukari yin tsalle. Sai dai kada ka ɗauka tafiya lasisin ci ce. Awa guda ta tafiya mai sauri kalori 350 zuwa 400 ce a jikinka, lemo ɗaya da fanke biyu sun mayar da ita.

Ɗaukar nauyi shi ne abin da mutanenmu suke tsallakewa, suna ganin na samari ne masu son ƙirji. Ka tuna gwajin San Francisco. In jiki yana cikin giɓi kuma ba a amfani da tsoka, zai ɗauke ta a matsayin kayan da ba sa tafiya, ya karyar da ita. Sai mutum ya rame, wuya ya zurma, hannu ya sirance, tumbi kuma yana nan, a fara tambayarsa ko lafiya. A Padua ta Italiya, a 2016, an sa maza 34 masu ɗaga ƙarfe a gwaji na mako 8, rabinsu suna cin abinci cikin awa 8 kawai, da isasshen furotin. Kitse ya ragu, tsoka da ƙarfi suna nan. Ko ba Italiya, ka dubi 'yan dakon da ke sauke muku diloli.

Ba ka buƙatar gidan motsa jiki. Jarka biyu da benci sun isa, kuma daɗin jarka shi ne lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kai ke ƙara wa kanka nauyi yadda kake so. Ranar Laraba da Asabar, tunda ba ka azumi, ka ware minti 30. Ka fara da zama a benci da tashi ba tare da dafa gwiwa ba, sannu a hankali, gindi ya taɓa bencin kawai ka miƙe. In ya yi sauƙi ka rungumi jarka mai lita 5 a ƙirji. Sai ka dafa bango da hannu biyu, jiki a miƙe, ka kai ƙirji kusa da bangon ka tura kanka baya. Bayan mako biyu ka koma dafa benci, wata rana za ka kai ƙasa. Sai ka dafa bencin da hannu ɗaya, ka sunkuya baya a miƙe, ka jawo jarka da ɗaya hannun zuwa haƙarƙari kamar mai jan guga. Sai ɗaga jarka daga ƙasa, kuma a nan ka kula: ƙugu ne ke komawa baya, gadon baya ba ya lanƙwashewa, jarkar tana manne da ƙafa. Ka rufe da ɗaukar jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, ka zagaya tsakar gida kamar ɗan garuwa, kafaɗa a tsaye. Kowane motsi sau 8 zuwa 12, ka huta minti ɗaya, ka maimaita sau uku. Ma'aunin nauyin da ya dace shi ne biyun ƙarshe su ba ka wuya amma ba su karkatar da kai ba. Duk ranar da 12 ta zama wasa, ka ƙara lita ɗaya ko biyu. Kada ka riƙe numfashi lokacin ɗagawa, yana harba jini sama. Kwana biyun farko cinyoyi za su yi tsami har ruku'u ya yi wuya, wannan ba rauni ba ne, zai wuce.

Ko a yi da yunwa ko bayan an ci? Wajen sauke kitse bambancin bai taka kara ya karya ba, ka zaɓi wanda za ka ɗore a kai. Tafiyar Asuba da ruwa kawai ba matsala. Jarka kuwa na fi son a ɗauke ta bayan an ci wani abu, ko dab da lokacin ci. Ranar azumin nafila, da babu ruwa, ka taƙaita tafiyar ko ka bar ta sai bayan buɗa-baki.

Akwai abin da hirar dare take ci maka bayan kalori, wato barci. Wanda ya kwanta 12 ya tashi Asuba bai samu awa biyar da rabi ba. A wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Chicago a 2010, mutum 10 aka rage wa abinci iri ɗaya, wani lokaci su kwanta awa 8 da rabi, wani lokaci 5 da rabi. Da barcin ya ragu, kitsen da suka sauke ya ragu da fiye da rabi, yunwa kuma ta ƙaru. Ka yi ƙoƙari 10 ta same ka a gado, in da hali kuma ka ɗan runtsa bayan Azahar.

Wajen awo, ka rage hawa sikeli. Sau ɗaya a mako, da safe bayan ka zaga, da kaya iri ɗaya. Abin da ya fi shi faɗin gaskiya yana cikin shagonka: tef ɗin awo. Ka zagaya shi a ciki, tsakanin ƙarshen haƙarƙari da ƙashin ƙugu, kusa da cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada ya wuce rabin tsawonka, wato santimita 86 a wurinka. Daga 94 haɗari ya fara ga namiji, daga 102 ya yi yawa. Wani makon sikeli zai tsaya amma tef ya ragu, ko ka ji mazugin wando ya ƙara tsawo, to aiki yana tafiya. In duka biyun suka tsaya mako uku, kafin ka ƙara awannin yunwa ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana uku, har da gyaɗar da maƙwabcin shago ya miƙo da lemon da aka kawo wa baƙo ka taya shi. A nan ake kama ɓarawon kusan kullum. Kuma kada ka sa wa ranka kilo 70. Burin farko kilo 86 zuwa 87 cikin wata huɗu zuwa shida. A wani babban bincike na Amurka da aka buga a 2002, mai mutum fiye da 3,000 da sukarinsu ya fara hawa, waɗanda aka sa su nemi sauke kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon sukari da kashi 58.

Kafin ka ɗauki jarka ko ɗaya, ka je a auna maka jini da sukari. A shekarunka da nauyinka wannan ba zaɓi ba ne, kuma da yawa suna yawo da hawan jini ba su sani ba. In jinin ya kai 140 bisa 90, ko sukarin safe kafin karyawa ya kai 126 a ma'aunin mg/dL, maganar ta koma gaban likitan da zai gan ka ido da ido. Ba ka ce kana shan wani magani ba, amma saboda masu karanta wannan: duk mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar glibenclamide kada ya fara tsallake abinci sai likitansa ya gyara masa magani, don sukari na iya faɗuwa ya sumar da shi. Mai ciki, mai shayarwa, yaron da bai kai 18 ba, da wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci, wannan tsarin ba nasu ba ne. Mai sikila ya kiyayi duk abin da zai bar shi da ƙishirwa. Mai gyambon ciki ya fara da magance shi, don yawanci ƙwayar cuta ce ko magungunan ciwon jiki suke kawo shi, yunwa tana tayar da raɗaɗin ne kawai. In kana tafiya ka ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya sarƙe, ko gari ya juya, ka tsaya, ranar ka ga likita.

Na san da mutane sun ji ka fara za a kawo maka shayin rage tumbi har shago. Yawancinsu maganin gudawa ne, irin su filasko, ko masu sa fitsari. Ruwa suke zubarwa, sikeli ya sauka yau ya hau jibi, hanji da ƙoda kuma su biya kuɗin. Bel ɗin ɗaure ciki da naɗa leda a jiki don a yi gumi su ma haka, a zafin Kano ma haɗari ne. Saukar da ta wuce kilo ɗaya da rabi a mako tana iya jawo tsakuwa a matsarmama, don haka ko tana yiwuwa ba na so.

Ranar biki ko suna, ka ci abincinka cikin mutane ba tare da dogon bayani ba, ka bar lemon, washegari ka koma kan tsari ba tare da ramuwar yunwa ba. Bayan mako shida ka sake rubuto min da lambobi huɗu: nauyi, awon ciki, awon jini da na sukari, ka kuma faɗa min lita nawa jarkar ta kai.